Marainiyar tarakta: abin da ya sami ƙungiyarmu a ƙasar Daura

Mu ashirin da uku ne a ƙungiyar, manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, sai 'yan kaɗan da ke taɓa riɗi, a wani ƙauye tsakanin Daura da Sandamu. Ni ne sakatare, littafin shiga da fita a hannuna yake. Don haka abin da zan faɗa a nan, ko dai na rubuta shi da hannuna a lokacin, ko kuwa a gabana aka yi. Ba zan kama sunan dilan da ya sayar mana da taraktar ba, haka ma kamfanin da ya ƙera ta. Dilan bai yi mana ƙarya ba ranar ciniki, kuma shi ma daga baya abin ya rutsa da shi.

A bazarar 2019 muka saye ta. Shekara uku muna tara kuɗin, da adashi da tarar fashin taro da bijimai biyu na huɗa da shugabanmu ya sayar ya zuba a matsayin rance. Muka tashi mu huɗu muka tafi Kano: shugaba, ma'aji, ni, da bakanikenmu wanda kowa ke kira Injiniya. Abin da ke ranmu tun daga gida Massey Ferguson 375 ce, jar nan ta Pakistan da ko yaron goye ya san ƙararta. Da muka ji kuɗinta sai jiki ya yi sanyi. Abin da ke aljihunmu zai sayi taraktar tsirara, ba haro, ba rija, ba tirela. Tantan kuwa ba haro ai ado ce kawai.

Nan ne wani ɗan kamasho ya ja mu zuwa wani fili, aka nuna mana wata sabuwa fil, ƙarfin doki 75 kamar 375, fenti na ƙyalli, kujera mai laushi, har da rumfa. Sunan da ke jikinta babu wanda ya taɓa ji a cikinmu. Kuɗinta, haɗe da haro da tirela, bai kai na jar ita kaɗai ba. Injiniya ya buɗe ta, ya tayar, ya kasa kunne, ya ce injin lafiya lau, zubinsa ma irin na Perkins ne, wanda ya sani kamar yunwar cikinsa. Sai ya juya ya tambayi dila, "Alhaji, kayan gyaranta fa?" Dila ya kai mu wani ɗaki ya nuna mana kwalaye, filta da bel da farantin kuloci, ya ce kwantena guda ma tana kan ruwa. Na duba littafina na wannan rana, abin da na rubuta shi ne: "Injiniya bai gamsu ba, amma kuɗi ya yanke hukunci."

Gaskiya ita ce damina huɗu ta yi mana aiki ba wanda ya yi da-na-sani. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta wahalar da tarakta kamar lakar Funtua da Bakori. Ba ta shan gas da yawa. Da bazara ta kwashi taki zuwa gonaki, da saukar ruwa ta yi haro da huɗa, da kaka ta kwaso dammunan gero, da rani kuma mu ba da ita haya ga masu ɗibar yashi da bulo. Kafin ƙarshen 2020 mun biya shugaba kuɗin bijimansa. Har wasu ƙauyuka biyu suka aiko a nuna musu inda muka samo ta, ni da kaina na ba su lambar dila, abin da har yau in na tuna nake jin nauyi.

Ranar da ta tsaya

Wanda bai yi noma a arewacin Katsina ba zai yi wuya ya gane abin da kwana ɗaya yake nufi a farkon damina. Ruwanmu ba ya sauka da wuri, kuma ba ya daɗewa. In ya zauna a Yuni, kafin Satumba ta ƙare ya fara sallama. Duk kuɗin da mai tarakta zai samu na huɗa, cikin mako biyar ko shida yake samunsa, kowa kuma so yake a yi masa tasa a mako guda. Shi ya sa masu taraktocin haya ke bin ruwa: su faro daga kudu inda ya riga sauka, su yi ta haurowa arewa har su iso mu.

A ƙarshen Yunin 2023, kwana biyu da yin ruwan shuka, direba yana tsakiyar gonar ma'aji sai aka ji ƙara daga ƙarƙashin kujera, kamar an zuba tsakuwa a turmi. Ta tsaya cak. Da shanu aka jawo ta inuwar wata tsamiya. Injiniya ya kwana biyu yana kwance giyabos a kan buhunan siminti da aka shimfiɗa, har ya fito da wani ƙarfe mai haƙora, girman faifai, haƙora uku sun karye, na huɗu ya tsage. A lokacin muna da gonaki arba'in da ɗaya a layi, wasu sun riga sun ba da kafin alƙalami.

Na kira dila. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam Sakatare, wallahi ni ma ina da guda biyu a fili da na kasa sayarwa. Kamfanin an saye shi. Waɗanda suka saya sun daina yin wannan samfurin, wakilcin ma sun ba wani." Na nemi wanin, ya ce shi sababbin samfura aka ba shi, tamu ba ta cikin takardunsa.

Washegari da asuba ni da Injiniya muka shiga motar Kano, ƙarfen na cikin buhu. Yinin nan a Ƙofar Ruwa ba zan manta shi ba. Shago ya fi talatin muka shiga. Kowane mai shago abu ɗaya yake yi: ya karɓa, ya goge baƙin man da tsumma, ya sa babban yatsa yana ƙirga haƙora, ya leƙa ramin tsakiya, sannan ya tambaya, "Ta wace mota ce?" In muka faɗi suna sai ya miƙo mana abinmu. Wani dattijo ya fi kowa ƙoƙari, ya sa yaronsa ya hau sama ya sauko da guda huɗu, na Massey da na Fiat da wasu. Ɗaya ya yi daidai a faɗi, haƙoransa sun ɗara namu da biyu. Wani haƙoran sun yi daidai, ramin bai yi ba. Dattijon ya dube mu ya ce, "Da ta 375 ce, da tun a Daura kun samu. Wannan taku marainiya ce." Daga ranar sunan ya bi ta.

Ƙarshe wajen masu injin yanka ƙarfe muka kai, suka auna suka yanko mana sabo. Kwana tara ya ɗauka. Injiniya ya faɗa mana tun kafin a ɗaura cewa ba zai daɗe ba, don ba a gasa ƙarfen yadda kamfani ke gasa nasa ba. Duka-duka kwana goma sha tara ta yi a gindin tsamiya. Kafin ta tashi, masu haƙuri sun koma ga garmar shanu, marasa haƙuri sun kira 'yan hayar kudu sun biya yadda aka yanka musu, mu kuma muka mayar da kafin alƙalamin mutum goma sha bakwai. Ƙarfen da aka yanka ya kai mu kaka, ya sake karyewa tana ɗauke da gero.

Wa ya haɗiye wa

Maganar dila, "kamfanin an saye shi", ita ta hana ni sakat. Da rani na zauna na yi ta bin tarihin waɗannan sunaye da muke gani a jikin taraktoci, na kuma gane cewa abin da ya same mu tsohon abu ne a wannan sana'a, mu ne dai bai taɓa faɗo wa ba.

Akwai wani tsoho a ƙungiyarmu, Baba muke ce masa, ya yi direban tarakta tun zamanin tsohuwar jihar Kaduna. In ya fara labari, Steyr ce da Fiat da Ford. Steyr a Bauchi ake haɗa ta tun ƙarshen shekarun 1970, Fiat kuma a Kano. Yakan ce direbobin Steyr da na Fiat har gardama suke yi a tasha kan wacce ta fi ja. To, kamfanin Case na Amurka ya sayi sashen taraktocin Steyr a 1996. Shi Case ɗin tun 1985 ya haɗe da sashen noma na International Harvester. Can gefe kuma Ford ya sayi New Holland a 1986, Fiat ya karɓe su duka a 1991. A 1999 aka ɗaura auren Case da New Holland, aka sami CNH. Wato taraktoci ukun da Baba ya ga suna kishi da juna, yau 'yan ɗaki ɗaya ne. Da na faɗa masa sai ya yi dariya ya ce ashe gardamar banza suka sha.

Ita ma jar tamu ba ta tsira ba. Massey Ferguson kanta haɗaka ce, ta Massey-Harris na Kanada da kamfanin Harry Ferguson, a 1953. A 1994 AGCO na Amurka ya saye ta, ya ƙara da Fendt ta Jamus a 1997 da Valtra ta Finlan a 2004. Injin Perkins da Injiniya ke alfahari da saninsa, tun 1998 yake hannun Caterpillar.

Me ke jawo haka? Ba son girma kaɗai ba ne. Turai da Amurka sun yi ta tsananta dokar hayaƙi, kowane sabon mataki kuma sai an sake tsara inji, an sa masa kwamfuta da na'urar tace hayaƙi. Wannan kuɗi ne da mai ƙera tarakta dubu biyu a shekara ba zai iya fitarwa ba, sai mai ƙera dubu ɗari. Sannan tarakta ba buhun taki ba ce da za a sayar a manta. Sai da rumbun kayan gyara, da kanikawan da aka horar, da bankin da zai ba manomi bashi. Ƙaramin kamfani yana iya ƙera tarakta mai kyau, tamu ma ai ba ta da laifi a gona. Abin da ke kayar da shi shi ne riƙon wannan doguwar igiya daga masana'anta har gindin tsamiyarmu.

Da farko na ɗauka ƙarshen labarin shi ne manya su cinye ƙanana, tarakta mai araha ta ɓace, a bar mu da masu tsadar da sai gwamnati. Da na ƙara dubawa sai na ga ba haka abin yake tafiya ba. Kamfanin da ya fi kowa yawan sayar da tarakta a duniya, in ƙirga za a yi, ba John Deere ba ne, Mahindra ne na Indiya, kuma da masu arahar ya kai nan. Indiya ita kaɗai tana sayen tarakta sama da 800,000 a shekara a 'yan shekarun nan, akasarinsu ƙanana da matsakaita, irin waɗanda manomi mai 'yan kadada zai iya riƙewa. Mai irin wannan kasuwa a bayan gidansa ba ya mutuwa da sauƙi. Shi ma Mahindra haɗiya yake yi: ya sayi Punjab Tractors masu Swaraj a 2007, ya shiga sashen injinan noma na Mitsubishi a 2015, ya sayi Erkunt na Turkiyya a 2017. TAFE na birnin Chennai ya karɓi taraktocin Eicher a 2005, ya sayi IMT na Sabiya a 2018.

Wasu kuma jingina suka nema. Escorts, mai Farmtrac da Powertrac, Kubota na Japan ya shige shi har a 2022 aka sauya masa suna zuwa Escorts Kubota. Yanmar na da kaso mai kauri a kamfanin da ke yin Sonalika. A Sin, Lovol ya koma ƙarƙashin Weichai, masu ƙera injina, Zoomlion kuma ya shigo noma ne ta hanyar sayen sashen manyan injina na Chery a 2014. A Koriya ta Kudu TYM ya sayi Kukje masu Branson a 2016. Dalilin manyan a fili yake. Ba za su iya ƙera mai araha a Osaka ko Jamus ba, kasuwar da ke girma kuma tana Asiya da Afirka, don haka gara su sayi masana'antar da ta iya yin mai arahar. John Deere kuwa a Indiya gina tasa ya yi a Pune, daga can ƙananan korayen da muke gani suke fitowa.

Waɗanda ba su haɗiye kowa ba, ba su kuma sami mai goya su ba, su ne suka kwanta. Gwamnatin Indiya ta rufe sashen taraktocin HMT a 2016. Ursus na Foland, wanda ya shekara aru-aru yana yi, kotu ta ayyana karyewarsa a 2021. Namu kamfanin saye shi aka yi, amma a wurinmu duk ɗaya ne da mutuwa, tunda shi mai sayen, masana'anta yake so da kasuwa, ba alƙawarin da wani dila ya yi wa wasu manoma a ƙasar Daura ba.

To me ya sa 375 ta zama ruwan dare? Saboda tsohon zubi ce da aka daɗe ana maimaitawa ba a taɓa ba. Millat na Lahore yake ƙera ta da lasisin Massey Ferguson, shekara da shekaru, ga kuma ƙananan masana'antu barkatai a Pakistan da Indiya da Turkiyya da ke yin kayanta. Ko da uwar kamfanin ta juya mata baya gobe, kayan ba za su yanke nan kusa ba. Rashin sabuntarta shi ne garkuwarta. Sai dai shi ma lasisi takarda ce tsakanin mutane biyu, kuma ana saɓawa. TAFE ya fi shekara sittin yana ƙera Massey a Indiya, amma a 2024 rigima ta ɓarke tsakaninsa da AGCO har gaban kotu. A 2025 suka sasanta: sunan Massey Ferguson ya zama mallakin TAFE a Indiya da Nepal da Bhutan, shi kuma ya fanshi hannun jarin da AGCO ke da shi a cikinsa kan dala miliyan 260. Suna ɗaya, masu shi biyu. Duk wanda zai ce maka "Massey ce", ka tambaye shi ta wane gida.

Taron bayan kaka

Daminar 2024 da lallaɓa muka yi ta, ƙarfe na biyu da aka yanka mana, direba kuma an hana shi shiga gona mai nauyi. Bayan an gama ɗaurin gero muka zauna a zauren shugaba don a yanke shawara. Kuɗin ne ya fara ɗaure mana kai. Lokacin da muka sayi marainiya dala tana wajen naira 360. Bayan an saki naira a Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Tarakta kuwa daga tayarta har fitilarta da dala ake shigo da ita. Abin da muka tara a shekara biyar bai kai rabin sabuwar 375 ba.

Ma'aji ya fara magana. Shi a ganinsa a sake sayen mai araha. Hujjarsa ba ta banza ba ce, da littafina ya kafa ta: marainiya ta mayar da kuɗinta cikin damina uku, ta biya bashi, ta bar riba. "Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaba, "da mun tsaya jiran jar nan, da har yau da shanu muke huɗa. Araha ba ta ado, na yarda, amma ai ba ado muka je saye ba." Ya ƙara da cewa masu arahar yanzu ba irin na da ba ne, da yawansu sun sami manyan iyaye.

Wani yaronmu da ya yi karatun aikin gona ya kawo tasa. A nemi bashi a sayi ta babban kamfani, mai na'urar da ke nuna wa mai ita inda take da kadada nawa ta yi, don a daina rigima da direba kan gas. Ya kawo misalin Hello Tractor, wanda a Najeriya ya faro a 2014 yana haɗa masu tarakta da manoma ta waya, har John Deere ya zuba jari a cikinsa a 2022. Na'urar kam ta burge kowa, don babu wanda bai taɓa zargin direba ba. Injiniya ne ya tare shi: "Ɗana, in ta tsaya a gonar Baba ranar Juma'a, ni zan buɗe ta ko sai an zo da kwamfuta daga Abuja?" Ƙananan da ake kawo mana daga Indiya ba su kai nan ba tukuna, yawancinsu bakanike na iya buɗewa. Amma tsoron nasa na da tushe. A Amurka kanta manoma sun daɗe suna kuka da wannan, har a Janairun 2025 hukumar cinikayya ta tarayyarsu ta kai John Deere kotu bisa zargin tauye wa manoma damar gyara injinansu a inda suke so. Inji mai kwamfuta kuma ba ya son gas ɗin jarka, mu kuwa a bakin hanya muke saye.

Baba bai ce komai ba sai can ƙarshe. Ya ce shi abin da ya gani a rayuwarsa, duk 'yan shekaru sai an kawo taraktoci masu sabon suna, a yi biki, a raba. Shekara uku sai ka gan su jere a harabar ma'aikata, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. "Ba wadda ta mutu don tsufa," in ji shi. "Ƙaramin abu ne ke kwantar da su."

Shawarar da aka tsaya a kai ta Injiniya ce, kuma ita ce abu ɗaya da zan so wata ƙungiya ta ɗauka daga wannan rubutu. Ya ce kada a sake tambayar dila ko akwai kayan gyara, don babu dilan da zai ce babu. A rubuta abu goma da suka fi lalacewa: farantin kuloci, famfon haidirolik, nozul, famfon ruwa, gasket, ringi, boris ɗin ƙafar gaba, kan sitiyari, da ƙarafa biyu na cikin giyabos. A ba shi kuɗin mota ya tafi Kano shi kaɗai, ba tare da ya bi ta wurin dila ba. Duk taraktar da bai sami takwas daga cikin goma ba a yini ɗaya, a shago fiye da ɗaya, a cire ta daga lissafi ko da kyauta ake ba da ita.

Suna huɗu muka ba shi. Ya kwana biyu ya dawo da takardar duk baƙin mai. 375 goma cif, har da zaɓi: na kamfani, na Indiya, na Turkiyya, da jabu. Wata ta Indiya takwas. Sauran biyun, ɗaya huɗu, ɗaya biyu, kuma duk a shagon wakilinsu kaɗai.

Muka sayi 375 ta hannu, daga wani mai haya a kudancin jiha da ke rage kaya. Injiniya ya sauke injin ya sake ringi da gasket kafin ta shiga gona. Ni dai a taron ta Indiyar na goyi baya, kuma har yanzu ina ganin da kuɗinmu ya kai, ita ce daidai. Dalilina shi ne tsohuwa tsohuwa ce, ba mu san wahalar da ta sha ba, kuma farin jinin 375 shi ne ya cika kasuwa da jabun kayanta. An sha fesa wa tsohuwa fenti a sayar a matsayin sabuwa. Sannan in ana maganar shekara goma masu zuwa, kamfanonin da ke da babbar kasuwa a gida, suke kuma neman Afirka da gaske, su ne nake ganin za su zauna su kafa rumbun kaya. Amma kuɗi bai kai ba, kuma mutum ashirin da uku da suka ga kwana goma sha tara a gindin tsamiya ba ka da bakin ce musu su sake gwaji.

Ana cikin haka manyan taraktocin gwamnati suka iso. A Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya zo Katsina ya buɗe cibiyar injinan noma ta jiha, wadda gwamnatin Dikko Radda ta tanadar wa tarakta 400. A Yuni kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da 2,000 da aka kawo daga Belarus. Yawa irin wannan na iya sauya lissafin kasuwa, don ɗan kasuwa ba ya kasa kuɗinsa a kayan tarakta goma, amma zai kasa a na ɗari huɗu. In 'yan Ƙofar Ruwa suka ga ana zuwa nema, da kansu za su yi oda, kanikawa kuma su koya. Hakan zai faru ne in taraktocin sun yi ta aiki har suka fara cin kaya, kuma aka bar kayan suka shiga kasuwa maimakon a kulle su a sito ɗaya. Injiniya ya ce bayan damina uku zai ɗauki takardarsa ya koma Kano da sunayensu.

Marainiya tana nan. An cire mata haro, taki da yashi kawai take ja, a giya ɗaya, a hankali. Kwanan baya wani mutum ya zo daga wajen Baure a kan babur, ashe yana cikin waɗanda na ba lambar dila. Tasu injin ne ya buga, giyabos lafiya lau. Tamu injin lafiya, giyabos ne matsala. Ya zo ne ya saya tamu ya cire injin. Shugaba ya ce a'a, sai dai su sayar mana da tasu. Suka yi ta ja har la'asar, kowa na cewa tasa ce mai rai, ta ɗayan ce gawa. An tashi a kan Injiniya zai je Baure ranar Asabar ya buɗe giyabos ɗin ya ƙirga haƙora.